Neman shawara: hular kwano ɗaya za ta yi min hawan ƙarfen sabis da hawan dutse?

Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, don mai kayan ya ce ba zai ajiye min su wuce Asabar ba. Ina aiki ne a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ke gyaran ƙarafan sabis. Mu ne masu hawa mu canja eriya, mu ɗaure waya, wani lokacin har mita 50. Hular da oga ya ba ni tun farko irin ta magina ce, mai ruwan ɗorawa, igiyar haɓarta ta saki tuntuni. Kwanaki muna sama iska ta taso, na sunkuya zan ɗauki noti a jaka, sai hular ta fice ta yi ƙasa, ta dira kusa da mai gadi. Ƙanina ya kai wa Hajiya labari, tun ranar ba ta da magana sai in bar aikin nan in koma shagon kawu. Ni kuma da aikin nan nake haɗa lefe, an riga an sa rana bayan Babbar Sallah, kuma ni da kawu mun taɓa samun saɓani a kan lissafi, ba na so a koma gidan jiya. Na yi wa Hajiya alkawarin zan sayi hula ta gaske da kuɗina. Bayan haka akwai abokina da ya yi hidimar ƙasa a Jos, yana so mu je duwatsun Shere mu gwada hawa da igiya, shi ya sa nake son hula ɗaya da za ta yi min duka biyun. Na samu guda biyu. Ɗaya gwanjo ce, ta masu hawan dutse, mara nauyi sosai, da ramukan shan iska, mai ita ya ce daga Turai aka kawo. Ɗayar sabuwa ce a leda, da tambarin CE mai nuna wai ta cika ƙa'idar Turai, kuma ta fi araha. Zuciyata ta fi kwantawa da gwanjon. Wacce zan ɗauka?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Amma ɗan'uwa ba ka faɗi sunan ko ɗaya ba, ba ka faɗi abin da aka rubuta a cikinsu ba. Kuma kuna aiki kusa da wayar wuta ko a'a?

Baba Injiniya: Yaro na, ajiye maganar wadda ta kwanta maka, juya hular ka karanta cikinta. Lamba biyu ne za ka nema. EN 397 ita ce ƙa'idar Turai ta hular ma'aikata, irin ta magina. EN 12492 ita ce ta masu hawan dutse. Babban bambancinsu yana igiyar haɓa. A ƙa'idar EN 397 ta 2012, an yi igiyar ne don ta ɓalle idan an ja ta da ƙarfin kilo 15 zuwa 25, saboda idan hular ta maƙale a inji ko rodi kada ta shaƙe mutum. A EN 12492 kuwa dole igiyar ta jure ja na kilo 50 ba ta ɓalle ba, saboda mai faɗowa ba sau ɗaya yake buga kai ba. Ka bugi ƙarfe na farko hula ta fice, to na biyu da ƙoƙon kanka za ka karɓe shi. Gwajin ma ba ɗaya ba ne. Ta magina, a ƙa'idar 2012 ɗin, gwajin bugu shi ne a sako mata ƙarfe mai kilo 5 daga mita 1, a tsakar kai kawai. Ta hawa, kilo 5 ne daga mita 2 a tsakar kai, sannan a gwada goshi da gefe da ƙeya daga rabin mita. Kai da ke rataye a damara, idan ka zame lilo za ka yi, da gefen kai za ka daki ƙarfen. Saboda haka EN 12492 za ka nema, babu wata magana. Amma ba gwanjo ba.

Autan Hajiya: Na gode Baba. Gwanjon ai ta masu hawan dutse ce, kenan ita ce daidai. Na duba ta sosai, babu tsaga ko ɗaya, fes take.

Baba Injiniya: Na ce ba gwanjo ba. Irin waɗannan marasa nauyin yawancinsu soso ne mai tauri a ciki, da ɗan siririn bawo a sama. Aikin soson shi ne ya murƙushe ya shanye bugun maimakon kanka. Idan ya murƙushe sau ɗaya ya gama aikinsa, kuma daga waje ba lallai ka gani ba. Kamar ƙwai ne da ya tsage ta ciki. Ka san wanda ya sa ta a Turai? Ka san dalilin da ya sa ya rabu da ita? Kamfanin Petzl na Faransa da kansa ya ce kayansa na roba da na zare ba sa wuce shekara 10 daga ranar da aka ƙera su, ko ba a taɓa sawa ba. Akwai ranar ƙira a cikin hular, ka duba ta?

Na Jos: Baba, da girmamawa, ba duk soso ne iri ɗaya ba. Akwai EPS, shi ne mai murƙushewa bai dawo ba. Akwai EPP, irin wanda ke cikin Sirocco ta Petzl, wadda nauyinta bai kai giram 200 ba, shi yana ɗan jure ƙananan bugu. Amma ni ma ba zan ba shi shawarar ta ba, don wani dalili daban. Hular da ba ta da bawo mai tauri ba ta son wulaƙanci. Ku da kuke jefa kaya a bayan mota tare da sifana da sarƙa, wata nawa za ta yi? Ka nemi mai bawon roba mai ƙarfi, irin Boreo ta Petzl ko Half Dome ta Black Diamond, nauyinsu wajen giram 300 ne ko sama kaɗan. Za su yi maka Shere lafiya lau. Dutsen can mai kaushi ne, kuma abin da ya fi samun mutane shi ne tsakuwar da na sama ya turo da ƙafa.

Mai Sola: To ni nan ne ban yarda ba. Duk waɗannan da kuka lissafa ramuka ne da su. Shi ya sa na tambaye shi maganar wuta bai amsa ba. Hular da aka amince da ita kusa da wuta ba ta da rami, ƙa'idarta EN 50365, har zuwa wuta mai ƙarfin volt 1000. Ni da nake hawa rufi kusa da wayar da ta shigo gida ba na sa mai rami.

Autan Hajiya: Oga Mai Sola, mu ba ma taɓa wuta sosai. Kuma zafin garinmu a watan Afrilu, ka sa hula mara rami a saman ƙarfe da rana tsaka, ai jiri ne zai kwashe ka kafin wuta ta same ka.

Mai Sola: "Sosai" ɗin nan fa? Ko kuna taɓawa ko ba kwa taɓawa.

Ɗan Riga: Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa kai za ka saya da kuɗin lefenka? Kayan kariya haƙƙin mai aiki ne ya ba ka. Haka suke yi mana. Na yi wa wani ɗan kwangila aiki, damarar da ya ba mu ɗinkinta ya fara warwarewa, na yi magana ya ce in ban so akwai yara goma a bakin ƙofa. Ranar da manyan kamfani za su zo dubawa sai ya fito da sababbin kaya daga ofis a ɗauki hoto, suna tafiya ya karɓe ya kulle. Har yau kuɗina na aikin ƙarshe yana hannunsa, kullum "ba a biya mu daga sama ba". Ku ci gaba da saya da kuɗinku, gobe igiya ma ku za ku saya.

Maman Sadiq: Wallahi gaskiya ka faɗa. Maigidana aikin nan yake yi, in ya fita ba ni da kwanciyar hankali sai na ji sallamarsa. Wata uku ana ja masa albashi, amma aka ce ya sayi takalmin aiki da kansa. Ƙanina, kada ka ga laifin Hajiya, ka saya mai kyau ka kai mata ta riƙe a hannunta ta gani.

Ɗan Riga: Kuma in abu ya faru, Allah ya kiyaye, buhun shinkafa ɗaya za su kai gidan makoki su juya.

Baba Injiniya: Ku bar wannan, yaro hula ya tambaya. Akwai wadda ta haɗa abin da kuke jayayya a kai. Vertex ta Petzl, don masu aiki a sama aka yi ta. Igiyar haɓarta ana iya saita ta, ko mai ɓallewa ta aikin ƙasa, ko mai riƙewa ta aikin sama. Iri biyu ce: mara rami tana da EN 50365, mai rami ana ce mata Vertex Vent, tana da EN 12492 amma ba ta wuta ba ce. Nauyinta kusan rabin kilo, tana shiga kai daga santimita 53 zuwa 63. Kamfanin Kask na Italiya ma suna yin irinta. Ka auna kanka da tef ɗin tela, sama da gira kaɗan. In ka sa, kafin ka ɗaure haɓa, ka sunkuya ka girgiza kai. In ta zame ba taka ba ce. Sabuwar ledar nan kuma, tambarin CE kaɗai ba ya gaya maka komai, kowa zai iya buga shi. In babu lambar ƙa'ida, babu sunan kamfani, babu ranar ƙira da takardar bayani, bar masa kayansa. Sannan ku daina ɗora wa hula abin da ba za ta iya ba. Sifana mai rabin kilo da ya faɗo daga mita 20 ya riga ya kai ƙarfin wancan gwajin na kilo 5 daga mita 2. Daga mita 50 ya ninka shi fiye da sau biyu. Ku ɗaure kayan aikinku da igiya, na ƙasa kuma ya matsa.

Na Jos: Baba, rabin kilo a kai kana ɗaga wuya kana kallon sama a dutse, zai gaji. Ba don wasa aka yi Vertex ba.

Baba Injiniya: Shere sau nawa zai je? Ƙarfe kuwa kullum yana kai. Abin da ke ciyar da shi za a saya wa hula.

Autan Hajiya: Baba na tambayi kuɗin Vertex ɗin, ya kusa cinye abin da na ware wa akwati biyu. Ba zan iya ba yanzu. Na koma wurin mai gwanjon, takardar cikin ta goge, ranar ba ta karantuwa, amma ya rantse min ba a taɓa faɗuwa da ita ba, kuma mutumin unguwarmu ne, ba zai cuce ni ba. Duk lalacewarta ai ta fi wadda ta fice min a sama.

Baba Injiniya: Shi ma saya ya yi a dila, a ina ya san tarihinta da zai rantse? Takarda ta goge, magana ta ƙare.

Direban Acaɓa: Ni ina da hular babur mai kyau da ba na sawa, in kana so ka zo ka karɓa kyauta.

Na Jos: Allah ya saka, amma kada ya hau da ita. Ta fi kilo ɗaya, tana toshe kunne ba zai ji kiran na ƙasa ba, kuma ba ta barin mutum ya ga sama sosai.

Mai Sola: Har yanzu dai bai ce mana ko akwai wuta a wurin aikinsu ba.

Autan Hajiya: Akwai janareta da batura a ƙasa, amma ba ni ke taɓa su ba. Zan ƙara yi wa oga magana ko zai biya rabi, ko da yake na san amsarsa. In ya ƙi, Na Jos, Half Dome ɗin nan a ina ake samun ta asali, kuma in ya kasance gwanjo ce amma takardarta na nan fa?

Ɗan Riga: Ba zai biya ba. Ka rubuta ka ajiye.