Neman kalmar Hausa: me za mu kira “linebacker”?

Mai Sharhi: Salamu alaikum jama'a. Tarihin Ray Lewis nake rubutawa don shafin wasanni, sai na cije tun a jimlar farko. Mutumin ya yi kaka 17 yana buga zari-rugar Amurka, daga 1996 zuwa 2012, duk a ƙungiyar Baltimore Ravens, kuma duk a gurbi ɗaya da ake kira linebacker. Ba na son in bar kalmar tsirara a tsakiyar Hausa.

Ga waɗanda ba sa kallon wasan: kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci yadi 10 gaba, masu tsaro kuma su hana. Masu tsaron hawa uku ne. Akwai ƙarti uku ko huɗu da ke durƙusawa a gaba, goshi da goshi da abokan karawa. Can baya akwai masu ɗan karen gudu da ke bin masu cafe ƙwallo. A tsakani kuma, kamar yadi 4 ko 5 bayan ƙartin, akwai mutum uku ko huɗu a tsaye. Su nake nema wa suna.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, ɗan baya mana. Me ya yi zafi?

Mai Sharhi: Ɗan'uwa, in na ba shi ɗan baya, me zan kira waɗancan na can ƙurya? Su ne 'yan baya na ainihi. Shi akwai mutane a bayansa.

Bazazzagiya: To ɗan tsakiya mai tare, irin lamba shida a tamaula, kamar yadda Wilfred Ndidi ke yi wa Najeriya. Mai karatu zai gane nan take.

Mai Sharhi: Hajiya, kin kusa, amma zai gane abin da ba shi ba. Lamba shida in ya ƙwace ƙwallo shi ke fara raba ta. A wannan wasan runduna biyu ce daban: da ƙwallo ta dawo hannun Ravens, Lewis fita yake yi ya zauna a benci, wasu 11 su shigo.

Ɗan Fagge: Ku daina wahala, a ce lanbaka a wuce wurin. Gola da fanareti da kwana duk aro ne, wa ya mutu?

Bazazzagiya: Waɗancan a filin unguwa kunne ya ɗauke su, yaro na gani yana ji, ma'anar ta shiga da kanta. Wannan wasan wa ke buga shi a Fagge? In ka rubuta lanbaka sai ka sake ɓata layi biyu kana bayani. Wani ma ya ɗauka layin baka ka ce.

Na Damagaram: Ni shawarata Madaki. Na tsakiyarsu shi ne kwamandan masu tsaro. Tun 2008 NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ta yarda ɗan wasan tsaro ɗaya ya sa hular kwano mai rediyo a ciki, ana liƙa mata koren tambari a ƙeya. Koci yana faɗa masa tsarin da za a yi, shi kuma ya sanar da sauran goman, kuma galibi ɗan wannan gurbin ake ba wa. Duk wanda ya kalli Lewis ya san yadda yake nuna yatsa, yana tsawa, yana tura ƙato ya matsa taku ɗaya kafin a saki ƙwallo. Shugaban mayaƙa ke nan.

Mai Sharhi: Ta yi daɗin faɗa, Yallaɓai, sai dai mutum ɗaya ta kama a cikin uku ko huɗu. Ɗauki Lawrence Taylor na New York Giants, wanda ya buga daga 1981 zuwa 1993. Gurbinsu ɗaya da Lewis a suna, amma shi a gefe yake tsayawa, babban aikinsa ya kutsa ya kā da mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. A 1986 ya yi haka sau 20 da rabi (in mutum biyu suka haɗu suka kā da shi, rabi-rabi ake rubuta musu), har aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. Farauta yake yi, ba umarni yake bayarwa ba. Sannan Madaki sarauta ce mai nauyi, a Kano yana cikin masu zaɓen sarki. Ba zan rubuta “Madakai uku sun ji rauni” ba.

Baba Malami: Yarana, duk kuna duba inda yake tsayawa. Ku dubi aikinsa. Ana sakin ƙwallo, ƙartin gaba suna gwabzawa, dole tsaga ta buɗe a tsakaninsu, ta nan mai gudu da ƙwallo zai bi. Shi wannan idonsa na kan ƙafafun abokan karawa. Ya ga sun tunkuɗo gaba, ya san gudu za a yi, sai ya faɗa cikin tsagar ya cika ta da kafaɗa. Ya ga sun ja da baya, ya san jifa ce, sai shi ma ya ja baya ya tare hanyar ƙwallo. Duk cikin ƙiftawar ido.

Muna da aikatau ɗaya da ya ɗauki wannan: tokare. Kana tokare ƙyaure da itace daga ciki don kada a banko shi. Kuma mutum yana tokare hanya ya hana wucewa. Ma'ana ta farko ita ce mara wa sahun gaba baya, ta biyu ita ce tare mai zuwa. Ku ce matokari. In ana son cikakken suna, matokarin sahu.

Na Damagaram: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma matokari ai itace ne, inda aka aje shi nan yake. Lewis kuwa daga wannan gefen fili zuwa wancan yake bin mutum. Ƙwallo 31 ya cafke a iska daga hannun abokan karawa, ya kā da mai jifa sau 41 da rabi. Itace bai yin haka.

Baba Malami: Ɗana, Hausa ta riga ta raba wannan gardama. Na kayan aiki jam'insa kamar mabuɗi, mabuɗai: matokarai. Na mutum kamar maƙeri, maƙera: matokara. Karin sautin ma ya bambanta, faɗe su da baki ka ji. Da ka ce “matokaran Ravens” ba wanda zai hango itace.

Akwai kuma abin da kalmar ta ɗauko wanda Madaki bai da shi, wato nauyin da ke sauka a jikin mai tokarewa. Shi ya sa kaka 17 ɗin nan abin a jinjina ne. Luke Kuechly na Carolina Panthers yana ɗan shekara 28 ya ajiye wasa, bayan kaka 8 da buguwar kai da ya sha. Junior Seau ya yi kaka 20, ya kashe kansa a 2012 yana da shekara 43, da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa suka tarar da cutar da yawan gwaren kai ke haddasawa.

Bazazzagiya: Na bi Baba. Ga gwaji: “Foyesade Oluokun, matokarin da iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya fi kowa kā da abokan karawa a NFL a 2021 da 2022.” Ta zauna, ba tuntuɓe.

Mai Sharhi: Ta zauna. Na ɗauka: matokari, jam'i matokara, sai matokarin tsakiya irin Lewis da matokarin gefe irin Taylor. A ambaton farko zan sa matokarin sahu da bayani layi ɗaya, daga nan matokari kawai. Ga yadda sakin layin ya fito: “Ray Lewis, matokarin tsakiya mai lamba 52, ya ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar NFL, sau biyu. A Janairun 2001 Ravens ta lallasa Giants da ci 34 da 7, shi ne gwarzon wasan. A Fabrairun 2013, bayan ya dawo daga jinyar tsokar damtse da ta yage, suka doke San Francisco 49ers da ci 34 da 31 a wasansa na ƙarshe.”

Ɗan Fagge: Ni dai a majalisarmu lanbaka zan ci gaba da cewa. Amma Malam, “mai jefa ƙwallo” ɗin nan da kake ta maimaitawa ya yi tsawo. Baba, majefi zai yi, ko a buɗe masa nasa zaren?