Garchomp ɗina yana faɗuwa tun bai yi komai ba, ina kuskuren yake?

Ɗan Ader, daga Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata biyu ke nan ina buga Pokémon Showdown, wasan karawar dabbobin Pokémon ta intanet, a wayata, a rukunin OU, wato na dabbobin da aka fi amfani da su, na zamanin wasannin Scarlet da Violet, kuma tun ranar farko Garchomp na ɗora a gaban tawagata, wanda masu bugawa da Faransanci suka sani da Carchacrok. Na ba shi Swords Dance, Earthquake, Outrage da Stealth Rock, yana riƙe da Life Orb, halinsa Jolly, makin horonsa kuwa 252 a ƙarfin bugu da 252 a gudu. Da shi nake buɗe kowane wasa: in baza duwatsu masu cutar da duk wanda ya shigo fili (Stealth Rock), in yi rawar takobi mai ninka ƙarfin bugu (Swords Dance), sannan in fara duka.

A takarda tsarin ya yi mini kyau, amma a fili kaye nake sha. Daren jiya a fadarmu, shayi na biyu yana kan gawayi, abokai huɗu sun leƙo kan wayata, na saki Outrage a kan wani Dragonite, sai abokin karawar ya janye shi ya turo Clefable mai nau'in aljanu (Fairy), bugun ya tafi a banza, Moonblast ya ƙarasa abin da Life Orb ya bari. Wasan da ya biyo baya Corviknight ne ya zauna a gabana kamar an kafa turke. Shin dabbar ce zamaninta ya wuce, ko ni ne ban iya riƙonta ba?

Mai Lissafi, daga Harobanda, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Dabbar ba ta da laifi, kai ne ka ɗora wa jaki ɗaya kayan jakuna biyu. Mai baza duwatsu aikinsa ya fito da wuri ya sha duka, mai rawar takobi kuwa aikinsa ya ɓuya har sai an gajiyar da masu tare masa hanya, kuma ba ya yiwuwa Garchomp guda ya yi duka biyun, balle yana riƙe da Life Orb mai zaftare masa kashi ɗaya cikin 10 na jininsa a duk bugun da ya kai.

Idan mai share fili kake so, cire Stealth Rock ka ba wata dabbar, ka cire Outrage kuma. Ƙarfinsa 120 ne, gaskiya, amma yana ɗaure ka zagaye biyu ko uku, kuma tun da aka shigo da nau'in aljanu a X da Y a 2013, wanda bugun daragon ba ya taɓa shi ko kaɗan, wannan ɗaurin ya zama tarko. Sa Scale Shot a madadinsa, ka riƙa masa Loaded Dice. Kowane bugu na Scale Shot ƙarfinsa 25 ne, yana sauka sau biyu zuwa biyar, amma da wannan kayan riƙon ba ya kasa sau huɗu, wato 100 ko 125 ke nan, sannan ya ƙara maka gudu da mataki ɗaya, ya rage maka kariya da mataki ɗaya.

Ga dalilin da ya sa gudun nan yake da muhimmanci. Asalin gudun Garchomp 102 ne, wanda a mataki na 100 da halin Jolly yake kaiwa 333. A zamanin Diamond da Pearl wannan ratar ta maki biyu a kan tarin dabbobi masu 100, waɗanda iyakarsu 328, tana cikin abin da ya sa ake tsoronsa, har Smogon, masu tsara dokokin rukunin, suka kore shi daga OU a lokacin. Yau kuwa Iron Valiant yana kai 364, Weavile 383, Dragapult 421, duk suna riga shi motsi kuma duk suna da abin da ke yi masa illa. Scale Shot guda yana ɗaga 333 zuwa 499, ka wuce su duka, sai dai wanda ya zo da nasa ƙarin gudun. Da halin Adamant ma za ka tashi daga 303 zuwa 454, har yanzu sama da Dragapult, ƙarfin bugunka kuma ya zama 394 maimakon 359. Ni dai na fi son Jolly, domin kafin ka samu damar Scale Shot ɗin da gudun asali kake rayuwa.

Gurbi na huɗu na Fire Fang ne, saboda Corviknight da Skarmory, waɗanda Earthquake ba ya samunsu kuma jikinsu na ƙarfe yana rage bugun daragon. Bayan rawar takobi ɗaya yana cire wa Corviknight mai cikakkiyar kariya kusan rabin jini, idan kuma ka yi Tera, dabarar sauya nau'in dabba, ka juya zuwa wuta ya cire kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye. Tera wuta yana kuma mayar da ƙanƙara, wadda take ninka maka ciwo sau huɗu, abin da jikinka ke jurewa, haka ma bugun aljanu, kuma ba a iya ƙona ka.

Uwar Gholdengo, daga Yamai:

Lissafin malam daidai yake, ban da ja a kansa, amma ina ganin ba shi ne tsarin da ya dace da mai wata biyu a wasan ba. Scale Shot yana kuskure sau ɗaya cikin 10, ba ya taɓa aljanu don haka ba ya ba da gudun idan sun shigo, kuma da zarar kariyarka ta ragu, Sucker Punch na Kingambit ko Ice Shard na Weavile suna riga ka komai gudunka. Tsari ne mai bukatar ka san zagayen da za ka fito, wannan kuwa sai an sha kaye da yawa ake gane shi.

Tunda kana son buɗe wasa da shi, bar shi a wannan aikin amma ka yi masa shirin da ya dace: makin horo 252 a jini, wanda zai kai shi 420, sauran a kariya, halin Impish, baiwar Rough Skin, ya riƙe Rocky Helmet. Duk wanda ya taɓa jikinsa zai rasa kashi ɗaya cikin takwas saboda fatar, da kashi ɗaya cikin shida saboda hular, wato Rocky Helmet, jimla kusan kashi 29 cikin 100. Corviknight ɗin da ya hana ka sakat, ko U-turn ya yi ko Body Press, sai ya biya wannan harajin, haka ma Great Tusk idan ya zo share duwatsu da Rapid Spin. Ba shi Stealth Rock, Spikes, Earthquake da Dragon Tail, wanda ke korar abokin gaba ya jawo wani ya taka ƙayar Spikes da ka baza. Ka haɗa shi da Gholdengo, domin baiwarsa tana hana Defog, wata hanyar share duwatsu, aiki a kansa, kasancewarsa fatalwa kuma tana sa Rapid Spin ya wuce a banza. Rauninsa shi ne ba shi da hanyar mayar da jini, Knock Off kuma yana tuɓe masa hular, don haka kada ka yi ta turo shi gaban kowane bugu.

Akwai wata riba da mu ƴan wannan ƙasa muka sani: ranar da rezo ya yi nauyi, agogon wasa yana ta ƙirga maka daƙiƙoƙi, tsarin da shawararsa ba ta da sarƙaƙiya ya fi sauƙin riƙo.

Mai Lissafi:

Na yarda da ƴar'uwa a kan batun sabo da wasan. Gyara ɗaya zan yi wa kaina, domin na yabi Tera wuta ban faɗi aibinsa ba. Da wuta da ƙarfe, wanda wasu suka fi so saboda yana jure daragon ma, dukansu bugun ƙasa yana ninka musu ciwo, saboda haka kada ka juya a gaban Great Tusk mai Headlong Rush don tsoron Ice Spinner ɗinsa, ka gudu daga ruwa ka faɗa rijiya. Sau ɗaya ake yin Tera a wasa, ka duba tawagar abokin karawa tun a allon farko ka yanke wa zai ci shi.

Ɗan Ader:

Allah ya saka da alheri, yaya da anti. Na gwada tsarin hular a wasa shida bayan sallar isha'i, na ci huɗu, ɗaya kuma cajin waya ne ya ƙare mini bayan an ɗauke wuta. A ɗaya daga cikin wasannin wani Great Tusk da jininsa ya kusa ƙarewa ya yi Rapid Spin a kan Garchomp, fatar da hular suka kashe shi, duwatsun kuma suka zauna daram a filinsa, abin da ban taɓa sanin yana faruwa ba. Matsalar da na gani yanzu ita ce tawagata ba ta da mai ƙarasa wasa, tunda Garchomp ya bar wannan aikin. Gobe zan gwada Kingambit a gurbin na shida, in ajiye Tera dominsa, in kawo muku hoton tawagar ku duba.