Mece ce Hausar Romanticism? Ni dai na tsaya a kan Mazhabar Shauƙi

1/ 'Yan'uwa masu nazarin adabi, mu raba gardama a kan yadda za a fassara kalmar nan Romanticism, sunan wani zamani da salo a adabin Turai. Ana yawan fassara ta da "mazhabar soyayya", ɗalibi kuwa da ya ji haka sai hankalinsa ya tafi kan littattafan soyayya na kasuwar Kano. Ba can aka dosa ba.

2/ A 1798 William Wordsworth da Samuel Taylor Coleridge suka fitar da kundin Lyrical Ballads, kuma galibi daga nan ake fara ƙirga zamanin a Ingila. Ku leƙa ciki ku gani. Ga tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya harbe tsuntsun teku babu gaira babu dalili, bala'i ya bi jirgin har abokan tafiyarsa suka mutu kaf. Ga yarinyar ƙauye da ta kafe cewa su bakwai ne a wajen iyayensu, alhali biyu suna kabari, an yi an yi ta rage lissafi ta ƙi. To ina saurayi, ina budurwa?

3/ A gabatarwar bugun 1800 Wordsworth ya ce zai yi waƙa da harshen da mutane ke magana da shi, ya ɗauko rayuwar mutanen karkara. A wajensa waƙa ambaliya ce ta abin da ke cin zuciya, wanda mawaƙi ke tunowa bayan ya natsu. Tawaye ne ga waƙar da ta gabace su, mai ƙa'ida da taƙama da hankali. Lokacin ma ya taimaka: juyin juya halin Faransa na 1789 yana tashe, masana'antu suna kwashe mutane daga gona. William Blake har waƙa ya yi wa yaran Landan da ake cusawa cikin bututun hayaƙi su share toka.

4/ Su kansu mawaƙan ba su kira kansu da wannan suna ba, na baya ne suka laƙaba musu.

5/ Yanzu shawarwarin da aka kawo. Wani malami, Allah ya ƙara ilimi, ya ce mu ari "rumansiyya" daga Larabci. Matsalar ita ce wanda bai yi Larabci ba, ba ta gaya masa komai, wanda ya yi kuma soyayyar dai za ta fara faɗo masa. Wata 'yar'uwa ta ce "zuciyanci". Ƙirar ta yi daidai da su zamananci, amma idan Bahaushe ya ce wane mai zuciya ne, saurin fushi yake nufi. "Bege" kuwa mu bar shi inda yake, na yabon Manzo ne (SAW). Ba zan ɗora shi a kan mawaƙi Percy Shelley ba, mutumin da jami'ar Oxford ta kora a 1811 saboda ƙasidar musun samuwar Ubangiji.

6/ Saura shauƙi. Shauƙi shi ne zuciya ta motsa ta miƙa zuwa ga abin da ya fi ƙarfinta, ko wanda ba ta kai gare shi ba, har hankali ya koma ɗan kallo. Ba sai da masoyi ba. Shi ya kama Wordsworth a gaban duwatsu da tafkunan arewacin Ingila. Shi ya kama John Keats a 1819 da ya ji kukan tsuntsu ya so ya ɓace tare da shi, shekara biyu kafin tarin fuka ya kashe shi a Rum yana da shekara 25. Shi ya ja mawaƙi Lord Byron zuwa yaƙin 'yancin Girka, inda zazzaɓi ya ɗauke shi a 1824.

7/ Kalmar tana da giɓi, ban musa ba. Ƙarfin ƙirƙira da Coleridge ya ɗaukaka bai fito a cikinta ba, haka ma firgici irin na labarin Frankenstein da Mary Shelley ta fitar a 1818. Amma wannan aikin malami ne a aji, suna ba ya ɗaukar darasi duka.

8/ Ga yadda za ta zauna a jimla: Mazhabar Shauƙi, mawaƙan shauƙi, zamanin shauƙi a adabin Ingila. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, amma ya fara gwada ta a kan waƙar masu sharar bututu ta Blake.