Ɗakin Inna da rumfar bayan gida: ta ina zan fara da kuɗin adashina?

Uwar 'Yan Biyu, Gwale:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashi, naira dubu 180. Mahaifiyata za ta dawo wurina da zama saboda ciwon gwiwa ya matsa mata, kuma ina so kafin damina ta sauka ɗakinta ya zama wurin da za ta ji daɗin kwana.

Ɗakin ƙafa 12 ne da 12, taga ɗaya. Damuwata bangon da ke jikin lungu. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum fentin ya kumbura, in ka taɓa sai ya zubo, ƙarƙashinsa wani fari-fari kamar kanwa. Shekara biyu da suka wuce na sa aka yi masa fenti mai mai, wanda ya yi aikin ya ce ruwa ba ya kama shi, amma damina ɗaya ya yi ya koma yadda yake. A kusurwar silin kuma akwai tabo ruwan ƙasa, girman faifai.

Sai rumfar kwano da ke bayan gida, inda nake ajiye fartanya, shebur, dusar kaji da buhunan da nake shuka na'a-na'a da tattasai a ciki. Gara ta cinye ginshiƙi biyu, rumfar har ta karkace. Inna mai son shuka ce, na san can za ta riƙa yini. Kuɗin nan za su kai ni? Da wanne zan fara?

Mai Fenti, Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kula da mahaifiya. Sana'ata ce fenti, amma kar ki sayi ko galan ɗaya yanzu. Bangon nan ruwa yake sha. Farin da kike gani gishirin cikin bulo da ƙasa ne, danshi ke fito da shi, in ya bushe ya bar shi a fuskar bango. Fenti mai mai kuwa toshe bango yake yi, danshin ya rasa hanyar fita, sai ya ture fentin ya kumbura.

Ki fara zagayawa lungun ki duba. Sau da yawa kwata ce ta fashe a gindin bango, ko indararo yana zubar da ruwa a wurin. In ba a gyara wannan ba, duk abin da aka yi a ciki asara ce. Akwai gwajin da za ki yi da kanki: ki manna leda mai faɗi a bangon da salatif, ki toshe gefenta duka, ki bar ta kwana biyu. In kika ɗaga kika ga raɓa ta ɓangaren bango, to ruwan daga cikinsa yake fitowa.

Bayan nan magini ya sassaƙe tsohuwar fulasta har ya wuce iyakar danshin da kamar ƙafa ɗaya. A bar bulon a buɗe ya sha iska, ga shi kin yi sa'a hunturu ne, ba lokacin da bango ke bushewa kamar yanzu. Sabuwar fulasta a yi ta kwanon sarki ɗaya na siminti, huɗu na yashi, a zuba garin nan mai hana ruwa da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, a bi awon da aka rubuta a jikinsa. A riƙa yayyafa mata ruwa mako guda, sannan a ƙyale ta mako uku ko huɗu kafin fenti. Nan mutane suke gaggawa su ɓata aikinsu.

Fenti mai ruwa za ki saya. Bokiti ɗaya mai lita 20 zai yi wa ɗakin shafe biyu. Ki ɗauki fari ko ruwan madara, tunda taga ɗaya ce. Tabon silin kuma yoyo ne, a hau a gyara kwanon tukuna.

Dattijo, Yakasai:
'Yata, ni da za ki ji tawa, bangon lungun nan farar ƙasa za ki shafa masa. Da ita muka tashi a cikin gari, duk gabanin Sallah ake shafe ɗakuna. Ba ta riƙe danshi, kuma in ta dushe da kuɗi kaɗan za ki sabunta. Aibinta ɗaya, tana goge wa mutum a riga in ya jingina. Allah ya ba mahaifiyarki lafiya.

Mai Fenti, Kurna:
Baba ya yi gaskiya, farar ƙasa ta fi kowane fenti barin bango ya yi numfashi. Ko ita ɗin dai sai an tsayar da ruwan daga waje.

Anti Mai Ɗinki, Rijiyar Zaki:
Ƙanwata, ni ta wajen kayan ɗaki zan ce wani abu, don shekara huɗu na yi jinyar surukata a ɗaki irin wannan. Kar ki sayi labule ɗinkakke. Ki shiga Kantin Kwari ki yanki yadi mai kauri, faɗinsa ya ninka faɗin tagar sau biyu don ya yi tattara, ki kai wa tela. Mai kauri na ce saboda ƙurar hunturu. Ki sa a buga ragar sauro a tagar.

Ledar ɗaki ki je Kasuwar Rimi, amma ki shafa ta da hannu kafin ki biya. Mai sheƙin nan kyau gare ta, sai dai da ruwan alwala ya ɗiga a kai ta zama santsi, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ki nemi mai ɗan kaushi, a manne bakinta a ƙofa kar ya naɗe ya harɗe ta. Surukata sau ɗaya ta faɗi a kan bakin leda, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Katifa kuma kar ki ajiye mata a ƙasa, tashi zai yi mata wuya. Gado mai tsayin da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa. In kina da tsohon gado, kafinta ya ɗaure shi ya shafa masa banish, ya wadatar. Ki matsar da shi daga bangon lungu ko da taƙi ɗaya ne.

Kafinta, Na'ibawa:
Hajiya, rumfar ba za ta ci kuɗi sosai ba in kwanon bai ruɓe ba. Ki zo 'Yan Katako ki sayi jan katako mai tauri na ginshiƙi, farin nan mai araha abincin gara ne. Kuskuren da aka yi tun farko binne katakon a ƙasa tsirara. A haƙa rami, a zuba kankare ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, ginshiƙin ya zauna a kai da ƙarfe ya riƙe shi. A shafe gindinsa da baƙin mai, amma a yi shafen nesa da kaji da buhunan shukarki, guba ne gare su.

Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, in aka buga a kwarinsa nan ruwa zai bi. Tsofaffin hujoji a liƙe da kwalta. Rufin ya gangara ya bar jikin ginin gida, kuma a ɗaure shi da waya, don iskar farkon damina ita ke yaye rumfuna a garin nan. Tunda Inna za ta riƙa zama, ki shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon saboda zafin watan Afrilu. Dusar kaji ki zuba ta a durom mai murfi, ɗora a kan bulo.

Uwar 'Yan Biyu, Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam mai fenti, da safen nan na shiga lungun. Kwatar wankin kwanukanmu ce ta tsage daidai gindin bangon, ƙasar wurin jiƙe take sharkaf duk da sanyin nan. Shekara da shekaru ina zuba ruwa a bayan ɗakin ban sani ba. Maigida ya kira magini, gobe zai zo ya fara da ita. Baba, bangon lungu farar ƙasa zan yi masa, sauran ukun fenti. Anti, na fasa ledar da na yi niyya.

Malam kafinta, ginshiƙi biyu ne suka lalace, sauran biyun na ƙwanƙwasa na ji da ƙarfinsu. In canza duka huɗun lokaci ɗaya, ko in bar masu lafiyar zuwa kwasa ta gaba?