Me Za Mu Kira "Puzzle" a Wasannin Bidiyo?

'Yan uwa masu sha'awar harshe, na kawo muku wata matsala da ta tsaya mini a wuya tun ranar da na zauna zan rubuta bayanin wasan Tetris 99 da Hausa, na tarar jimlar farko ma ta ƙi miƙewa. Wasa ne da kamfanin Nintendo ya fitar a watan Fabrairu na 2019 domin na'urarsa ta Switch, ya fara zuwa a matsayin abin da ake saukewa daga intanet, kuma mutum 99 ne suke karawa a cikinsa lokaci guda. Rukunin da yake ciki shi ne wanda Turawa ke kira "puzzle", kuma a nan gizo ke saƙar.

Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa, har da ni, ita ce kacici-kacici. Na juya ta, na auna ta, na ga ba za ta ɗauki kayan ba. Kacici-kacici magana ce da aka lulluɓe, tana da amsa guda a hannun mai tambaya, kuma da zarar an faɗi amsar, zance ya ƙare. Tetris ba shi da amsar da aka ɓoye. Tun da Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, tsarinsa bai sauya ba: siffofi bakwai ne, kowace an haɗa ta da ƙananan tubala huɗu, suna faɗowa daga sama cikin fili mai faɗin gida goma, mai wasa yana juya su yana jerawa, duk layin da ya cika ba giɓi sai ya ɓace. Wanda ya taɓa tara tubala har kusan baki, ya bar rami guda a gefe yana jiran doguwar sandar nan ta faɗo ta share layi huɗu a tashi ɗaya, sandar kuwa ta ƙi zuwa, ya san abin da ke damunsa a wannan lokaci saurin ido ne da lissafin gurbi. Babu wata amsa da zai canka ya huta.

Wani ɗan uwa ya ba da shawarar "wasan dabara". Malam, kalmar tana da daɗi a kunne, amma ina ganin mu adana ta, domin akwai wani rukuni dabam na wasannin shirya runduna da gina birane da tsara yaƙi, wanda idan muka kashe kalmar dabara a nan za mu rasa sunan da za mu ba shi gobe. An kuma ambaci "wasan warwara", wanda ya dace da wasannin da ake shiga ɗaki a nemi hanyar fita, irin Portal 2 na 2011, sai dai bai rufe masu faɗowar tubala ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne "wasan wasa ƙwaƙwalwa". Na san ƙorafin da za a yi, cewa kalma ɗaya ta maimaitu har ido yana tuntuɓe da ita a rubuce. Amma ai kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗa su a riga ɗaya saboda ba ma sa alamar karin sauti. Ta farko suna ce, wasan da ake yi don nishaɗi, muryarta tana farawa ƙasa ta hau. Ta biyu aikatau ce, wasawar da ake yi wa wuƙa a kan dutse, tana farawa sama ta sauko. Duk Bahaushen da ya furta su a jere ba zai ji maimaici ba. Babbar hujjata kuma ita ce, ba mu muka ƙaga "wasa ƙwaƙwalwa" yau ba, mutane sun riga sun saba da ita a kan tambayoyin lissafi da na fahimta, saboda haka faɗaɗa ta kawai za mu yi. A ƙarƙashinta sai mu ware 'ya'ya: Tetris da Puyo Puyo da Dr. Mario su zama "wasannin jeri", tunda jerawa ce aikinsu, masu neman mafita kuma su riƙe "warwara".

Batun saukewa ba ya buƙatar dogon zance, "sauke" ta zauna daram. Ita kuma na'urar, wasu na son "akwatin wasa" bisa misalin akwatin rediyo da na talabijin, kuma da PlayStation ko Xbox kaɗai ake magana da na yarda, amma Switch ana ɗaukarta a hannu, don haka "na'urar wasa" ta fi yalwa.

Inda na fi neman taimakonku shi ne kalmar "multiplayer", wato wasan da mutum fiye da ɗaya ke bugawa tare. Da farko, tunda sau da yawa ta intanet ake haɗuwa, ina roƙon mu guji fassara "online" da "a kan layi", domin wanda bai san Turanci ba zai ɗauka jerin gwano ake nufi. "Ta intanet" ta wadatar. Sannan kalmar "multiplayer" tana rufe abu biyu da Hausa ta bambanta. A Portal 2 mutum biyu ne ke taimakon juna su wuce mataki, wannan haɗin gwiwa ne. A Tetris 99 kuwa, filinka yana tsakiya, ƙananan filayen abokan hamayya 98 suna gefe da gefe, duk lokacin da ka share layuka da yawa sai a tura wa wani tarkace daga ƙasa ya ɗaga masa tubalansa, har a rage mutum ɗaya. Wannan karawa ce. Akwai ma lokacin da mutum biyar ko shida za su auna ka tare, abin da "taron dangi" ta bayyana shi sarai, amma sunan yanayi ne a cikin wasan, bai isa ya zama sunan rukunin ba. Don inuwar da za ta haɗa biyun, na fi karkata ga "wasan taro", kishiyar "wasan kaɗaici", ko da yake ina jin ɗan nauyinta idan mutum biyu ne kacal, kamar yadda ake haɗa ƙananan na'urorin wasa na hannu na Game Boy guda biyu da igiyar waya a buga Tetris tun 1989. Mutum biyu taro ne? Ina sauraron masana.

Kafin a samu wadda ta fi, ga yadda na rubuta jimlar tawa: Tetris 99 wasan wasa ƙwaƙwalwa ne na jeri, ana sauke shi a na'urar wasa ta Switch, kuma mutum 99 ne ke karawa a cikinsa ta intanet.