Aikin ƙafar Baba ya lalace, ina za mu kai ƙara?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. An yi wa Babanmu tiyata a idon sawu a wani asibitin kuɗi, aka sa masa ƙarfe. Wata huɗu ke nan wurin na fitar da ruwa, ko masallaci ba ya iya takawa. Likitan kullum sai ya ce mu yi haƙuri. Wa ke hukunta likitoci ne?

Maman Ummi:
Allah ya ba shi lafiya. Ku fara kai shi asibitin ƙashi na Dala a sake ɗaukar hoto. Ƙara za ta jira, ƙafa kuwa ba ta jira, balle in yana da ciwon suga.

Malamin Asibiti:
Hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya (MDCN) da ke Abuja ce ke da rajistar likitoci. Ana rubuta koke da takardar rantsuwa, kwamitinta ya bincika, in ya ga sakaci ya miƙa wa kotun ladabtarwa. Kotun tana iya yi wa likita gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunansa daga rajista. Amma ba ta ba da diyya, wannan sai babbar kotu. Ku adana rasit da hotunan ƙashin tun na farko.

Ɗan Fagge:
Na gode. Fayil ɗin fa? Sun hana mu kwafi.