Mai mata biyu da ruwan baftisma: dokar Allah ce ko ta mutum?

Ɗan Mile 12: Salama, 'yan'uwa. Kawuna ya zo Legas jinya, ranar Lahadi na kai shi sujadar Hausa. Da aka fara raba jibin Ubangiji sai ya tashi ya koma bencin baya da kansa, ba wanda ya ce masa. Bamaguje ne, ya karɓi Yesu yana da mata biyu, kuma har yau ikilisiyarmu ta Baftis a gida ba ta yi masa baftisma ba, wai sai ya saki ɗaya tukuna, ga shi marar baftisma ba ya cin jibi. Ni dai na ce wannan dokar mutum ce, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya san ayar ya kawo.

Baba Dikin (Agege): Sannu, ɗana, Allah ya ba shi lafiya. Ka buɗe Farawa 2:24, ka duba Matiyu 19 inda Ubangiji ya maimaita ta. Mutum da matarsa, su biyu, su zama jiki ɗaya. Bai ce uku ba.

Ɗan Mile 12: Baba, ban musa ba. Amma a wannan surar ce ya hana saki. To a ce wa tsoho ya gyara laifi ɗaya da wani laifin?

Maman Tagwaye (Idi-Araba): Ku maza kuna ta aya, ba wanda ya tambayi wadda za a kora. Ina za ta? Mace mai 'ya'ya biyar shida, iyayenta sun rasu, a ce ta tattara kwanukanta don maigida ya shiga ruwa. Kakata amarya ce a gidansu, ita ke kai mu coci tun muna ƙanana, ita ta koya mini waƙoƙin zumuntar mata. Da an kore ta, da wa zai raine mu?

Baba Dikin: 'Yata, ba wanda ya ce a jefar da ita a titi. Ya ci gaba da ciyar da ita, ya gina mata ɗaki daban.

Maman Tagwaye: Baba, da girmanka, wannan ai saki ne da aka sa wa riga.

Malamin Lahadi (Obalende): Bari in sa baki. Ayar da aka fi kawowa ita ce 1 Timoti 3:2 da 3:12, mai kula da ikilisiya da dikin su zama mazan mace ɗaya. Sharaɗin shugabanci ne wannan. Kuma in Bulus ya ga dole ya gindaya wa shugabanni shi, ni a ganina akwai alamar ba kowa a cikin taron ya cika shi ba. Na san wasu malamai suna fassara ta da aminci ga mata kawai, amma ko ta wace hanya aka bi, ba ƙofar baftisma take tsaro ba. Ku duba baban Habasha a Ayyukan Manzanni 8: ya ga ruwa a hanya, ya tambayi Filibus me zai hana, aka tsai da karusa. Mai gadin kurkukun Filibi kuwa cikin daren aka yi masa.

Baba Dikin: Malam, in haka ne sai mu rushe ajin baftisma ma, tunda Filibus bai yi aji ba. Mu rushe makarantar Lahadin da kake koyarwa, tunda Robert Raikes ne ya yaɗa ta a Ingila wajen 1780. RA da GA da Lydia, ƙungiyoyinmu na yara maza da 'yan mata, wace aya ta kafa su? Ba kowane abin da babu sunansa a Littafi ne ya saɓa wa Littafi ba. Gida sai da tsari.

Malamin Lahadi: Na yarda, Baba, kuma ka kama ni da kyau. Bambancin shi ne, ba a taɓa hana yaro jibi don bai sa rigar RA ba. Al'adar da take taimako daban, wadda take rufe ƙofa daban. Ita ce Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a kanta a Markus 7.

Ɗalibin Ogbomosho: Ina gaida iyaye. Abin da muka karanta a tarihi ne zan ƙara. Ba Baftis kaɗai ba ne, kusan duk Turawan mishan na wancan zamanin haka suka tsaya. Bishop-bishop na Angilikan sun zauna a taron Lambeth na 1888 suka ce mai mata da yawa ya tsaya a matsayin mai koyo, ba baftisma. A 1988, shekara ɗari cif, taron nan dai ya ce a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar wurin sun amince. Littafin bai canza ba tsakanin shekarun nan. Mu ma John Smyth da ya fara ikilisiyar Baftis a Amsterdam a 1609 zuba wa kansa ruwa ya yi, nutsarwa sai wajen 1640 ta kafu. Ruwan inabi marar sa maye da ya zama ruwan dare a jibi, Thomas Welch ne ya fito da shi a Amurka a 1869.

Baba Dikin: Angilikan suna da bishop, mu ba mu da shi. Abin da suka yanke nasu ne.

Ɗalibin Ogbomosho: Shi ya sa nake ganin namu ya fi sauƙi, Baba. A tsarin Baftis kowace ikilisiya tana da ikon kanta, taron membobi ne ke yanke magana. A nan Legas ma a 1888 'yan ƙasa suka fice daga hannun Baturen mishan W. J. David bayan saɓaninsa da mai wa'azi ɗan ƙasa Moses Ladejo Stone, suka kafa tasu ikilisiyar, wadda ta zama Ebenezer. Ba kan aure suka rabu ba, amma sun nuna maganar Bature ba aya ba ce.

Mai Gadi (Ikoyi): Ni ban yi makaranta ba, amma ina da tsoro ɗaya. In aka buɗe wannan ƙofa, samarinmu da ke acaba da gadi a nan, matansu suna Arewa, gobe za ka ji sun ajiye ta biyu a Agege suna cewa ai an yi wa wane. In ka ba mutum hannu, kafaɗa yake nema.

Maman Tagwaye: Wanda ya san gaskiya ya ƙara aure a sa shi a horo, ni ce ta farko da za ta ɗaga hannu. Tsohon nan fa ya auri matansa tun bai taɓa jin bishara ba.

Baba Dikin: To ku saurara. Na daɗe ina riƙe tire a jibi, kuma duk ranar da na wuce irin waɗannan tsofaffi zuciyata ba ta kwanciya, ban taɓa faɗa ba sai yau. Amma ba zan karya abin da iyayenmu suka riƙe a kan hirar waya ba. Ceto ba a ruwa yake ba, ɓarawon da ke kan gicciye ba a nutsar da shi ba.

Ɗan Mile 12: Haka nake gaya masa, Baba. Sai ya ce in ruwan ba komai ba ne, don me ake hana shi?

Baba Dikin: Hmm. Wane asibiti yake? Kada ka rubuta a nan, kira ni. Ranar Laraba bayan addu'a zan ɗauki Rabaran mu je mu gaishe shi, in cunkoson Ikorodu Road ya bar mu.

Ɗan Mile 12: Na gode, Baba. Matan biyu duk suna wurinsa, uwargida da rana, amarya da dare.